Kunnen Hagu

A gidanmu kowa Kyaftin yake ce mini. Ban taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, tekun ma ban cika ganinsa ba sai in na hau sama shan iska. Aikina a can ƙasa yake, cikin ɗakin inji, inda nake bin bututu da tsumma da gwangwanin mai, ina shafa wa ƙarfe giris kamar mai lallashin jariri. Amma tun da ƙanin matata ya laƙaba mini sunan a shekarar aurena, ya bi ni, har yaran maƙwabta sun ɗauka shi ne na yanka.

Ɗakin inji ba wurin hira ba ne. Ƙara ce ba dare ba rana, irin wadda kake ji har a haƙoranka. Saboda haka duk wanda ya daɗe a ciki sai ya koyi karanta leɓe. Mutum zai tsaya can ƙarshen ɗaki ya motsa baki, ka gane ko spana yake nema ko babban injiniya yake zagi. Ni na ƙware a wannan, na ƙware har kunnena na hagu ya mutu ban san ranar jana'izarsa ba. Na daman kuma ya zama ɗan gata, sai abin da ya ga dama yake saurare: murya mai kauri yana karɓa, siririn sauti kuwa ya daina hulɗa da shi.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma dalilina ɗaya ne. Takardar shaidar lafiyata ta ƙare, ba ita kuwa ba hawa jirgi. In likita ya rubuta cewa ba na ji, na sauka ke nan har abada, in dawo in zauna a ƙofar gida ina gaida mutanen da ba na jin amsarsu. Jirginmu zai tashi ƙarshen wata, wakilin kamfani yana jira in kira shi in ce takarda ta fito.

Na shirya tafiyata tsaf. In shiga motar haya da sassafe zuwa birnin bakin teku, in ga wani tsohon likita da mu mutanen inji muke zuwa wurinsa, in dawo kafin rana ta faɗi. Ni kaɗai.

Ana gobe tafiya, da yamma ina goge takalmi, sai matata ta zo ta tsaya a gabana ta ce za ta bi ni.

"Ki bi ni ina?"

"Birni mana. Shekara da shekaru ina jin labarin teku, ko kumfarsa ban taɓa gani ba."

"Asibiti za ni, Maman yara, ba yawon buɗe ido ba."

"To ai hanya ɗaya ce. Auta ma ya ce zai kai mu a motarsa."

Auta shi ne ƙanin nata, wanda ya laƙaba mini sunan Kyaftin ɗin nan. Ya yi furfura, ya aurar da ’ya, amma har yanzu Auta ne. Yana da shagon kayan wuta, da wata tsohuwar mota da yake ji da ita kamar ita ta haife shi. Mutumin da ko tasha ka ce ya sauke ka sai ya ba ka tarihin tsadar taya, shi ne yau zai rufe shago ya kai ni wani gari don Allah. Ita kuma matar da kasuwar unguwa ma sai an roƙe ta, ita ce ke marmarin kumfa.

Na ci gaba da goge takalmin da ya riga ya gogu. A nan ne wani abu ya faɗo mini. Tun da na dawo hutun nan, ba ta taɓa kirana daga kicin ba. Kullum sai ta tako, ta tsaya a gabana, sannan ta yi magana. Da na ɗauka ladabi ne ya ƙaru da shekaru. Har na yi alfahari da shi a wurin abokai.

Na san ra'ayinta game da jirgi. Ba ta taɓa cewa in bari ba, ita ba ta faɗin abu kai tsaye. Sai dai duk ranar tafiyata ta riƙa ninke mini kaya kamar mai naɗe likkafani.

Da safe Auta ya zo, ya buɗe mini ƙofar gaba da kansa, har da ɗan rusunawa.

"Yaya Kyaftin, bisimilla. Yau kai ne fasinja, ni ne mai jirgi."

Ban yi tunanin wurin zama ba sai da muka hau titi. A mota kowa gaba yake kallo. Direba yana hagu da ni, wato daidai kunnen da ya rasu. Bakinsa rabi kawai nake gani, rabin ma gashin baki ya rufe shi, don Auta irin mutanen nan ne da ke kiwon gashin baki kamar za a ba su lambar yabo. Matata kuma tana baya, bayan ƙeyata.

Sai na sauke ɗan allon tare rana da ke sama da kaina, wanda ke da madubi a jiki, na daidaita shi har bakinta ya shigo ciki. Na ji daɗin dabarata. Ba mu bar gari ba ta ja mayafinta ta rufe hanci da baki.

Na juya na ce, "Lafiya?"

Ta sauke mayafin, ta dube ni, ta ce, "Hayaƙin manyan motoci." Ta mayar.

Gilashin motar a rufe yake, kuma babbar motar da ta fi kusa da mu ta yi nisan da ko lambarta ba na gani.

Haka muka yi ta tafiya. Ina ganin mayafin yana motsi, ina ganin gashin bakin Auta yana rawa, abin da ke iso mini sai gunaguni kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. In na ga ya waiwayo gare ni, sai in ba shi ɗaya daga cikin amsoshin da nake ajiyewa don irin wannan rana: "Haka ne," ko "Allah ya kyauta," ko "To, ka ji fa." Da waɗannan mutum zai iya zama da dangin matarsa shekara guda ba a gane komai ba. Wasu masu kunne biyu ma da su suke rayuwa.

Sau ɗaya dai na ce "Allah ya kyauta" sai gashin baki ya tsaya cak. Mayafi ya daina motsi. Ban san me na yi wa addu'a ba, ban kuma tambaya ba.

Muka tsaya a wani gidan mai. Na shiga shagon wurin kamar mai neman ruwan sha, na tsaya bayan gilashi tsakanin jarkokin man inji ina leƙensu. A wannan tazarar, da za su fuskance ni, da na karance su kamar jarida. Amma ita ta juya mini baya, shi kuma ya sunkuya yana duba taya. Da ya miƙe, sai ya kalli shagon, ya ɗaga hannu ya sosa kunne. Na hagu. Mutum na iya sosa kunnensa, ban ce haramun ba ne. Amma kunne biyu gare shi.

Mai shagon ya taɓa ni a kafaɗa, da alama ya daɗe yana yi mini magana. Na sayi ruwan da ba na so na fito.

Mun wuce rabin hanya, ƙasa ta fara sauka, itatuwa sun fara canjawa, iska ta yi nauyi irin na kusa da ruwa, sai Auta ya dafa mini gwiwa. Ya rage gudu, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, abin da bai yi ba tun safe.

"Yaya Kyaftin, kana jin ƙarar nan?"

Na ce, "Wace?"

"Daga gaba. Wani ɗan tsiwa-tsiwa, kamar an take ɓera."

Na kalli madubi. Idanun matata suna kaina, sama da mayafi, ko ƙiftawa ba sa yi.

To ga inda aka kawo ni. In akwai ƙarar na ce babu, sun kama ni. In babu ita na ce ina ji, sun fi kama ni, don an tabbatar ba kurma kaɗai ba ne, har da maƙaryaci. Kuma wa ya fi dacewa a ɗana wa irin wannan tarko in ba mutumin inji ba? Na ce a raina lallai a gidan man nan aka ƙulla ta. Shi ya sa aka sunkuya wa taya.

Amma sun manta da wa suke yi. Mu a ƙasan jirgi ba da kunne kaɗai muke sauraren inji ba. Na zare takalmi, na dasa tafin ƙafata a ƙasan motar. Na ɗora tafin hannu a kan allon gaba. Na rufe ido. Injin yana bugawa daidai, tsoho ne amma numfashinsa bai sarƙe ba. Babu karkarwa, babu tsalle, babu wani ƙarfe da ke cin ɗan'uwansa. Ƙafata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Na buɗe ido na mayar da takalmina a hankali, don su ga ba gaggawa nake ba.

"Babu komai. Tuƙa."

"Yaya, wallahi ina ji."

"Auta, kwanan da na yi kusa da inji ya fi wanda na yi kusa da yayarka. In inji zai mutu, ƙafa yake fara gaya wa. Ka tuƙa motarka, ɓeran yana cikin kanka."

Ya kalli yayarsa ta madubinsa. Ita ta kalli taga. Na jingina da kujera ina jin kaina kamar wanda ya ci shari'a. Har na ɗan yi musu waƙa a ƙasan maƙoshi, wadda nake zaton a hankali nake yin ta.

Birnin yakan fara tun kafin ka gan shi. Da farko warin kifi da na baƙin mai, sai dogayen motoci ɗauke da kwantena sun yi layi a gefen titi, direbobinsu sun shanya wanki a jikin madubi. Sai babbar gada, daga kanta ka hango komai lokaci ɗaya: ƙarafan ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, rufin gidaje har iyakar gani, da ruwan kansa yana ƙyalli kamar an goge faranti. Matata ta sauke mayafi ta manna fuska a gilashi. Na yarda a wannan lokacin kallon gaske take yi. Na rubuta mata wannan a gefen alherinta.

Muna sauka daga gadar cunkoso ya haɗiye mu. Babura suna kutsawa ta ko'ina, masu talla suna bin motoci da tabarau da tawul da agogon bango, wani yana ɗaga kifi da ya kusa kai tsawon hannunsa yana kaɗa shi a gaban gilashinmu. Shagunan kiɗa sun fito da lasifikoki bakin titi, ina jin gangar a ƙirjina ko da waƙar ba ta iso ni ba. Kowa yana danna hon. Wannan na sani ne don ina ganin hannuwansu.

A tsakiyar babban shataletalen birnin, inda hanyoyi suka haɗu kowa yana ganin shi ne da gaskiya, sai wata jar fitila ta kama a gaban Auta. Na ga yana kokawa da sitiyari. Kafin in buɗe baki tururi ya taso daga ƙarƙashin murfin inji, ya rufe gilashi, motar ta yi tari ta tsaya.

Da Auta ya yi mini dariya da na samu abin riƙewa. Amma mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana tsokanata ya fita shiru ya kama ƙofa yana turawa. Na fita na kama baya. Matata ma ta fito ta sa hannu, ana ta yi mana nuni da hannuwa iri-iri daga tagogin motoci, wasu na fahimta, wasu sababbi ne a wurina. Kyaftin guda, da rigar zuwa asibiti, yana tura mota a birnin da ya sha shigowa ta ruwa.

Muka gangara da ita wani lungu inda wani bakanike ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya ɗaga murfin, ya sa hannu, ya zaro fambel ɗin da ke juya fankar inji, wanda ya tsinke ya zama kamar tsohuwar igiyar guga. Ya ɗaga shi sama yana fuskantata, bakinsa fes babu gashi, kowace kalma ta fito mini sarai.

"Wannan ai ya daɗe yana kuka. Tun daga nesa yake ihu. Kurma ma zai ji shi."

Auta ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rumfar. Matata ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka ɗan motsa. Ko dariya ce ko tari, ban sani ba.

Fambel roba ce. In tana zamewa ba ta girgiza mota, siririn kuka kawai take yi. Na san wannan tun ina yaron inji. Ashe ƙarar gaskiya ce. Sai dai hakan bai wanke su a wurina ba. Wataƙila ba su ɗana tarko ba, amma tarkon ya ɗana kansa, kuma a gabansu na faɗa.

Muka bar Auta da bakanike, ni da ita muka kama hanyar asibiti a ƙafa. Na so ta zauna a rumfar ta huta, ta ce warin mai yana tayar mata da zuciya. Ta bi ta hagu da ni, ta kama bakin hannun rigata da yatsu biyu, abin da ba ta taɓa yi a titi ba ko muna amarci. Muna tsallaka wata kwana ta fizge ni baya, wani babur ɗauke da buhunan ƙanƙara ya wuce ta inda ƙafata za ta sauka.

Na ce, "Na gan shi."

Ta zagayo gabana ta ce, "Na sani."

Asibitin tsohon likitan yana saman bene ne, a kan wani shago da ke sayar da igiyoyin jirgi da fenti. Likitan ba mai karɓar na goro ba ne, kada a zarge shi. Mutum ne mai tsoron Allah wanda bai yarda da sababbin na'urori ba. In zai gwada kunnenka, sai ya zaunar da kai, ya sa ka toshe ɗaya da yatsa, ya koma bayanka ya yi raɗa, kai kuma ka maimaita abin da ya ce. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne, kujerar tana fuskantar kabad ɗin magunguna, kabad ɗin kuma ƙofar gilashi gare shi. In hasken taga ya faɗo, fuskarsa tana fitowa a gilashin tsakanin kwalabe, da leɓɓansa da komai. Duk wani tsohon ɗan ɗakin inji ya san wannan kabad. Ba ma faɗa wa mutanen saman jirgi, ba ma faɗa wa matanmu. Sai dai kukun jirginmu ya sani, shi kuwa bakinsa ba ya riƙe ko gishiri, kuma matarsa da tawa suna gaisawa a waya.

Ɗakin jira ya cika da zafi, fankar sama ta mutu. Matata ta zauna ta kama fifita da gefen mayafi, tana sauke numfashi irin na wadda ta tura mota. Da nas ta leƙo ta yafito ni, likitan ya hango ta ta ƙofa. Tsoho ne siriri mai tabarau, mai ladabin mutanen da.

"Uwargida, shigo ciki mana. Nan akwai fanka."

Na ce, "A'a likita, ba ta son ganin allura."

"Ba allura a aikin yau," in ji shi.

Ta shigo tana godiya, ta zauna a benci gefen ƙofa, ta karɓi rigata da agogona ta ɗora a cinya.

Ido lafiya lau, na karanta masa har layin ƙasa. Ƙirji lafiya. Da ya auna jinina ya ɗaga gira.

"Ya ɗan hau. Gudu kuka yi?"

"Mota muka tura."

"To, za mu ɗora wa motar laifi."

Sai aka zo kunne. Na zauna, na ɗan ja kujerar da ƙafa kamar mai gyara zama, har taga ta faɗo inda nake so. Ga shi nan a gilashi, tsakanin wata kwalba mai ruwan ƙasa da kwalin auduga. Ya ce in toshe na hagu. Na toshe, ko da yake toshe shi kamar kulle ɗakin da ba kowa ne. Leɓɓansa suka motsa.

Na ce, "Tebur."

Suka sake motsawa.

"Alhamis."

"Madalla. Yanzu toshe na dama."

Na sa yatsa a kunnen dama, duniya ta ɗauke ɗif. Na kafa ido a gilashi. Likita ya gyara tabarau, ya ja numfashi.

Sai matata ta tashi. Ta ajiye rigata a benci, ta tako a nutse, ta wuce ta gefena, ta tsaya a gaban kabad ɗin. Ta kalli kanta a gilashi, ta warware mayafinta, ta fara sake yafa shi. Ta ja nan, ta saki can, ta karkata kai ta duba gefe. Bayanta kawai nake gani, da furannin da ke jikin mayafin, waɗanda ni na sayo mata shi a wata tasha mai nisa.

Na ce, "Maman yara, ki zauna mana, kin tsaya wa likita a aiki."

Ina jin da ƙarfi na faɗa, don ta ɗan zabura. Amma ba ta matsa ba. In likita ya ba da amsa, a bayana ya ba da ita.

Na zauna da yatsa a kunne. Na san yana raɗa. Ina jin ɗumin numfashinsa ma a ƙeyata, ya matso ke nan, ya ƙara matsowa. Na yi tunanin in jefa wata kalma ko Allah zai sa a dace, amma kalmomin duniya suna da yawa. Can na ji ya taɓa kafaɗata.

Ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi a gwiwarsa, ya kai shi kusa da kunnen hagu, sannan na dama, sannan ya dafa gindinsa a ƙashin bayan kunnena. Ya sake gwada na daman da raɗa. Matata har yanzu ba ta gamsu da mayafinta ba. Wannan karon ko tebur ban samu ba.

Ya zagayo gabana ya ja kujera ya zauna. Ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa ƙaramin yaro da baƙon da bai iya yare ba.

"Malam, na hagu ya tafi. Na dama yana bin sa a hankali. Akwai abin da za a sa maka ya taimaka, zan tura ka wurin masu yin sa. Amma ƙararrawar ɗakin inji siririn sauti gare ta, kuma ba kai kaɗai ne a jirgin ba. Ba zan sa hannu ba."

Na ce, "Likita, ɗazu fa na ji Alhamis."

"Ka ji ta," in ji shi. Ya cire tabarau ya juya ya kalli kabad ɗin. Ya daɗe yana kallonsa, kamar yau aka kawo shi. Ya kalle ni, ya kalli matata wadda ta koma benci tana ninke rigata. Sannan ya kira nas ya ce ta taya shi juya kujerar nan ta fuskanci bango.

Ina saka maɓallan riga ina tunanin tsofaffin abokan aikina da za su hau benen nan wata mai zuwa da kunne ɗaya da ƙwarin gwiwa. Za su tambayi wanda ya zo na ƙarshe.

Ba mu koma wurin Auta kai tsaye ba. Titin asibitin yana gangarawa ne har bakin ruwa, ƙafafunmu suka bi shi. Wurin ya cika maƙil. Iyalai sun baje a yashi, masu ɗaukar hoto suna bin mutane, matasa suna buga ƙwallo ruwa yana ƙwace musu, wata mata tana ta daka wa mijinta tsawa don ya shiga ruwa da wandon fita. Can nesa jirage sun yi layi suna jiran izinin shiga tasha. Daga nan ƙasa sun yi ƙanana, sun yi tsabta, ba ka ce akwai wani a cikinsu da ke zufa da tsumma a hannu ba.

Muka zauna a kan katangar da ta raba titi da yashi. Ta cire takalmi tana kaɗa ƙafa. Na bar ta ta kalli kumfarta har ta ƙoshi, sannan na ce ta dube ni.

"Da gangan kika tsaya a wurin nan?"

"Wane wuri?"

"Kin sani."

"Mayafina ne ya karkace. Ka so in fita titi kamar mahaukaciya?"

Na kalli bakinta da duk ƙwarewata. Kowace kalma na gan ta. Abin da ban taɓa koya a ɗakin inji ba shi ne yadda ake gane ta gaskiya.

"Matar kuku ce ta gaya miki."

"Baban yara," ta ce, ta gyara zama ta fuskance ni sosai. "In na ce da gangan ne, sakina za ka yi?"

"A'a."

"In na ce ba da gangan ba ne, za ka yarda?"

Na yi tunani, don tambayar ta cancanci a yi mata adalci. "A'a."

"To, ka ga ba sauran magana. Rana tana yi, Auta yana can yana cinye bakanike da surutu."

Saura abu ɗaya. Wakilin kamfani yana jira, kuma gara ya ji yau ya nemi wani kafin ƙarshen wata. Na zaro wayata na riƙe ta ina kallo. A ɗaki shiru ma da ƙyar nake jin mutumin nan, siririyar murya gare shi kamar ta sauro, balle a nan cikin iska da hayaniya. Kuma waya ba ta da leɓe.

Ta ɗan jira. Sannan ta ce, "Bari in yi masa magana."

Na miƙa mata wayar. Ba ta karɓa ba. Ta buɗe jakarta ta ciro tata, ta sauka daga katangar, ta taka ’yan taku cikin yashi ba takalmi, ta juya mini baya tana fuskantar jiragen. Na ga ta kai wayar kunne, na ga tana gyaɗa kai, har da ɗan rusunawar gaisuwa. Maganar ba ta daɗe ba.

Sai da ta juyo tana karkaɗe yashi daga ƙafarta na tuna ba ta tambaye ni lambar ba.